Ba Kowace Lakar Fitsari Ce Sanyi Ba: Darasi Daga Fadamun Kwargaba

A ƙarshen daminar da ta wuce na yi kwana biyu a Kwargaba, cikin ƙaramar hukumar Wurno, wajen wani ɗan'uwana manomin shinkafa. Da safe muna zaune a zaure sai ya aiki ɗansa, yaro ɗan shekara 11, ya ɗauko wata kwalba da ya ɓoye a bayan rumbu. Fitsarin yaron ne na jiya a cikinta. Saman ya yi garau, amma a ƙasa akwai wani abu ja-ja da ya kwanta kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin roba. Na tambayi tun yaushe ake ganin haka, ya ce an fi wata huɗu. Na tambayi me aka ba shi, ya ce jiƙon sassaƙe, sai kuma kafso da aka sayo a kasuwa har sau uku, domin duk wanda aka nuna wa cewa yake yi sanyi ne. Wani dattijo da ke wurin ya yi murmushi ya ce a ƙyale yaro, su ma duk sun yi a lokacin ƙuruciya, alamar girma ce.

Washegari muka kai yaron wani ɗakin gwaji a Sakkwato. Ba a yi awa ɗaya ba ma'aikacin ya kira mu, ya nuna mana abin da ya gani a madubin hangen ƙwayoyin cuta: ƙwayaye masu siffar ƙwallon dabino, kowane da ƙaya a ƙarshensa. Ƙwan tsargiya ne. Maganin da likita ya rubuta sha ɗaya ne, kuma kuɗin gwajin da na maganin ba su kai abin da aka ɓatar a kan kafso ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, labarin wannan yaro ba baƙo ba ne a Wurno da Rabah da Goronyo. Kalmar sanyi ta zama babban buhun da muke zuba kowace matsala ta mafitsara a ciki, mu ɗaure baki. Alhali laka ko gurɓacewar fitsari alama ce kawai, kuma abubuwan da ke jawo ta sun bambanta matuƙa. Wani ruwan randa kaɗai ya ishe shi magani, wani kuma in an yi sakaci sai ya ci ƙoda ko mafitsara. Ido ba ya iya raba su. Gwaji ne ke rabawa.

Me ke kwanciya a ƙasan fitsari?

Ƙoda biyun da ke jikin babban mutum suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kowace rana. Kusan duka suna mayar da shi cikin jiki, abin da ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita 1 zuwa 2 ba. A cikin wannan ɗan ruwa ne jiki ke narkar da gishiri iri-iri da sauran dattin da ba ya buƙata. Muddin ruwan ya wadata, komai na narke, fitsari ya fito garau, launinsa ruwan ɗorawa mai haske.

Laka kan bayyana ta hanya biyu. Ko dai gishirin da ke narke ya fi ƙarfin ruwan ya dunƙule, ko kuma wani abin da bai kamata ya shiga fitsari ba ya shiga: jini, ko mugunya, ko ƙwayoyin cuta, ko ƙwan tsutsa, ko ɓarɓashin da ke fitowa daga cikin ƙodar kanta. A ɗakin gwaji akan sa fitsari a wata na'ura mai juyawa da sauri na kamar minti 5, a zubar da na sama, a ɗiga abin da ya kwanta a kan gilashi a duba. Akwai kuma tsinken gwaji da ake tsomawa, wanda cikin minti 2 launinsa ke nuna ko akwai jini, ko furotin, ko sukari, ko alamar mugunya. Wannan shi ne dukan sirrin, ba wani aiki mai tsada ba ne.

Zafin rana da ƙarancin shan ruwa

Dalili mafi sauƙi, kuma mafi yawa, shi ne ƙishirwa. Daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40. Manomin rani da ke ban-ruwan albasa ko tafarnuwa tun hantsi har la'asar yana zubar da ruwan jikinsa ta gumi, ƙoda kuma sai ta matse abin da ya rage. Fitsari ya yi kaɗan, ya yi duhu, ya yi wari, gishirinsa ya soma dunƙulewa. Abin mamaki shi ne mutum yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, amma cikinsa a bushe.

Sanyin hunturu ma na yin nasa. Fitsarin da ya fito garau, in ya kwana a fo lokacin ɗari, yakan yi laka fara ko mai ɗan ja, saboda gishiri ya fi saurin dunƙulewa a ruwa mai sanyi. Iyaye mata da yawa kan tsorata da wannan a fitsarin yara. Idan fitsarin ya fito da haskensa, sai da ya jima ya gurɓace, babu zafi, babu zazzaɓi, babu jini, kuma ya gyaru bayan kwana ɗaya ko biyu na yawaita shan ruwa, galibi babu abin damuwa.

Sai dai ƙishirwar da ta zama ta kullum tana da nata sakamakon. Gishirin da ke dunƙulewa yau da gobe shi ke zama tsakuwa a ƙoda ko a mafitsara. Mai tsakuwa kan ga abu kamar yashi a fitsarinsa, wani lokaci da jini, sannan ga ciwon kwiɓi mai tsanani da ke sauka zuwa mara, wanda kan sa ƙato birgima a ƙasa. Shawarar da likitoci ke ba mai irin wannan ita ce ya sha ruwan da zai sa ya fitar da fitsari lita 2 zuwa 2 da rabi a rana, ya kuma rage gishiri a abinci. A watan azumi, tsakanin buɗa-baki da sahur ne za a rama wannan ruwa, a hankali, ba a zama ɗaya ba.

Ƙwayoyin cuta a mafitsara

Dalili na biyu shi ne shigar ƙwayoyin cuta, mafi yawa waɗanda ke zaune cikin hanji. Jiki kan tura fararen ƙwayoyin jini su yaƙe su, abin da ya mutu a wannan yaƙi shi ne mugunyar da ke sa fitsari ya yi kama da ƙasari. Alamominsa zafi wajen fitsari, da yawan zuwa bayan gida a yi ɗan kaɗan, da ciwon mara. Mata sun fi kamuwa saboda hanyar fitsarinsu gajera ce, har ana ƙiyasta kusan rabin mata kan gamu da shi ko sau ɗaya a rayuwa. Yin tsarki daga gaba zuwa baya, da rashin riƙe fitsari, suna rage shi.

Haɗarin yana wajen hawan cutar zuwa ƙoda, inda zazzaɓi da rawar ɗari da amai ke biyo baya. Ga mai juna biyu, yana iya jawo haihuwa kafin lokaci, shi ya sa ake gwada fitsari a wurin awon ciki ko da mace ba ta jin komai. Ga dattijo kuwa, sau da yawa tushen matsalar wata tsoka ce da ke wuyan mafitsarar namiji, wadda likitoci ke kira furostet. In ta kumbura sai ta hana fitsari fita duka, ragowar ya kwanta ya ruɓe. Ko ya sha kafso nawa, in ba a buɗe hanya ba, cutar za ta dawo.

Akwai kuma ainihin ciwon sanyin da ake ɗauka ta saduwa, wanda ke sa mugunya fita ta gaba. Shi ma yana nan, amma ɗaya ne daga cikin da yawa, kuma maganinsa dabam ne, ana kuma yi wa miji da mata tare.

Tsargiya: kuɗin da fadama ke karɓa

A nan ne yankinmu ya bambanta da birni. Allah Ya albarkaci gabashin Sakkwato da ruwa. Gulbin Rima ya bi ta Goronyo da Wurno, Gulbin Sakkwato ya bi ta Rabah. Madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984 tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, ga madatsar Lugu da magudanan da ke shayar da gonakin shinkafar Wurno. Da wannan ruwa ake noma rani da damina, da shi ake su, da shi ake wanki da wanka. Amma ruwan da ke kwance ko mai tafiya a hankali, mai ciyayi a gefe, shi ne gidan wani ɗan ƙaramin dodon koɗi wanda tsutsar tsargiya ba ta iya rayuwa sai da shi.

Ga yadda abin yake zagayawa. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan da ke ciki ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin dodon koɗi su hayayyafa. Bayan 'yan makonni sai dubbai su fito suna iyo, ido ba ya ganin su. Duk wanda ya tsoma jiki a ruwan, sukan huda fatarsa cikin 'yan mintoci. Ba sai ya sha ba, ba sai yana da rauni ba. A cikin jiki sukan girma, su je su zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, inda sukan rayu shekara 3 zuwa 5, wani lokaci fiye, macen tana zuba ɗaruruwan ƙwai a kullum. Ƙwan da ya samu hanya ya keta bangon mafitsara shi ke fitowa da jini, musamman a ɗigon ƙarshe na fitsari. Wanda bai samu hanya ba ya maƙale a cikin tsoka, kuma shi ne mugun.

Ƙwan da ya maƙale yana sa bangon mafitsara ya yi tabo ya ƙandare. Yana iya ƙuntata bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, fitsari ya riƙa komawa baya har ƙodar ta kumbura ta lalace a hankali. Tun 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar mafitsara. A jikin mace, ƙwan kan maƙale a mahaifa da hanyar haihuwa, ya jawo ƙaiƙayi da fitar ruwa da zubar jini da ciwo wajen saduwa, wani lokaci har da rashin haihuwa. Mata nawa aka yi shekaru ana ɗura wa maganin sanyi, wasu ma aka zarge su ko suka zargi mazajensu, alhali a bakin gulbi wajen wanki suka ɗauko? A jikin yaro kuwa, zubar jini kaɗan-kaɗan na kawo ƙarancin jini da kasala da tsumburewa da rashin fahimtar karatu.

Dattijon nan na zaure bai yi ƙarya ba da ya ce sun yi kuma ya tsaya. Jinin da ake gani da ido yakan ragu idan mutum ya girma. Amma tsayawar jini ba warkewa ba ce. Tabon yana nan, kuma sau da yawa sai mutum ya kai shekara 40 ko 50 sannan ya biya bashin.

Cutar tsohuwa ce. An samu ƙwanta a gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'aunoni, kuma a Alƙahira ne wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a 1851. Haka nan dangantakarta da madatsun ruwa sananniya ce. Bayan an kammala madatsar Akosombo a Ghana a 1965, tsargiya ta yaɗu ƙwarai a ƙauyukan bakin tafkin Volta. A Senegal ma, bayan madatsar Diama ta 1986, nau'in da ke kama hanji ya ɓarke a garin Richard-Toll. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum fiye da miliyan 250 ne ke buƙatar maganin cutar, mafi yawansu a Afirka, kuma Najeriya ce ke kan gaba. Binciken da malaman lafiya suka yi a yankin Wurno shi ma ya samu ƙwan a fitsarin jama'a. Ba wanda zai ce a rufe madatsa ko a bar noman shinkafa. Abin da ake cewa shi ne, wanda ya kawo ruwa ya san abin da ke biyo ruwa, ya yi masa tanadi.

Idan ƙodar ce da kanta

Akwai rukuni na ƙarshe da ya fi sauran shiru. Idan matatar ƙoda ta samu rauni, furotin da jini kan tsallake zuwa fitsari. Alamar da mutum zai iya gani ita ce kumfa mai yawa da ba ta saurin bajewa, da kumburin fuska da safe, da na ƙafa da yamma. Ga manya, hawan jini da ciwon sukari ne manyan masu jawo shi, sai kuma yawan haɗiyar magungunan ciwon jiki irin su Diclofenac da Ibuprofen, waɗanda ma'aikatan gona ke sha kullum don kashe gajiya, ga shi kuma jiki ba ruwa. Ga yara, yakan biyo bayan ciwon maƙogwaro ko ƙurajen fata da suka yi ruwa, fitsari ya koma kamar shayi ba madara. Ga mai juna biyu, furotin a fitsari tare da hawan jini gargaɗi ne na jijjiga, wadda ke kashe uwa da ɗa. Duk waɗannan tsinken gwaji guda na iya tona su tun da sauran lokaci.

Illar kiran komai sanyi

Ruwa ba ya tsami banza. Amma mu da zarar fitsari ya canza sai mu tsallake tambayar dalili mu faɗa neman magani. Mai tallan magani a ranar kasuwa yana da kwalba ɗaya ta kowane irin sanyi, mai kemis yana da kafso ja da baƙi da yake ƙirga wa mutum gwargwadon kuɗinsa. Kafso ba ya kashe tsutsar tsargiya, ba ya narkar da tsakuwa, ba ya gyara matatar ƙoda. Abin da yake yi, in an sha ba bisa ƙa'ida ba, shi ne ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba, musamman masu haɗe da kanwa, ƙarin nauyi ne ga ƙodar da ta riga ta gaji.

Kunya ma tana da nata kaso. Magidanci kan yi shekara yana ganin jini bai faɗa wa kowa ba, mace kuwa ba ta ma san ta inda za ta soma ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ya kamata mu tuna cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗi kuma aka binne shi a can a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon basir da na ido da na ƙoda. Idan shugaba malami irinsa bai ga aibin tattauna waɗannan cututtuka a rubuce ba, mu da ke zaune a inuwar kabarinsa ba mu da hujjar yin shiru.

Abin da ya kamata a yi

Ga mai gida da uwar gida, ƙa'idar gajera ce. Idan laka ta wuce kwana biyu duk da shan ruwa, a kai gwaji. Idan akwai jini, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko kumburi, ko fitsari ya ragu ƙwarai ko ya tsaya, ko mai abin jariri ne ko mai ciki, kada a jira. Dattijon da ya ga jini ba tare da wani zafi ba, shi ya fi kowa buƙatar gaggawa, domin haka sankarar mafitsara kan soma, kuma irin wannan sai an dangana da babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A kai sabon fitsari cikin kwalba mai tsabta, kada ya wuce awa 2. Idan tsargiya ake zargi, na tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi ɗauke da ƙwai, a kuma haɗa da ɗigon ƙarshe. Ruwan magudana da aka ɗebo don wanka, in an ajiye shi kwana biyu, 'ya'yan tsutsar sun mutu.

Ga hukumomi, buƙata uku ce. Ta farko, kowace cibiyar lafiya ta matakin farko da ke bakin fadama ta samu tsinken gwaji da madubin hangen ƙwayoyin cuta da ma'aikacin da ya iya aiki da shi. A halin rashin tsaron da gabashin Sakkwato ke ciki, ba adalci ba ne a ce sai mutum ya kama doguwar hanya don gwajin minti goma. Ta biyu, rabon maganin Praziquantel, wanda ake sha miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin jiki bayan an ci abinci, kada ya tsaya a makarantun boko. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce duk inda cutar ta kai kashi 10 cikin 100, a ba kowa daga ɗan shekara 2 zuwa sama sau ɗaya a shekara, har da masu shayarwa da masu cikin da ya wuce wata uku. Wannan na nufin almajirai, da masunta, da masu dashen shinkafa, da matan da ke cikin gida. Ta uku, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da ƙungiyoyin manoma su riƙa yashe magudanai suna cire ciyayi, a kuma samar da rijiyoyin burtsatse da makewayi kusa da gonaki. Limamai su ma suna da rawar takawa, domin hanin yin fitsari a ruwan da ke kwance abu ne da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani, kuma da za a kiyaye shi da zagayen cutar ya yanke.

Bayan wata biyu na yi waya da ɗan'uwana. Ya ce fitsarin yaron ya washe, har ya soma ƙiba. Na tambaye shi ina yaron yake, ya yi ɗan shiru, sannan ya ce yana gona, ana ban-ruwa. Ban zarge shi ba, domin ba shi da wata gonar, ba shi da wani ruwan. Maganin ya kashe tsutsar da ke jikin yaron, amma bai taɓa wadda ke jiransa a magudana ba. Mun yi alkawari da shi cewa baɗi war haka zai sake kai shi gwaji, shi da ƙannensa biyu, ko an ga jini ko ba a gani ba.